Kafin Ka Sayi Katin Ƙari na Kwamfuta, Buɗe Akwatin Ka Duba

Yawancin kwamfutocin tebur da ke aiki a Kaduna na hannu ne. Shiga shagon buga takardu a Tudun Wada, ko ofishin wata makarantar kuɗi a Kawo, ko wajen masu haɗa bidiyon biki a Unguwar Rimi, ka leƙa ƙarƙashin tebur. Abin da za ka tarar bai wuce Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre ba, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka aka yo lodinsu zuwa Legas, daga nan suka hauro mana. Na'urori ne masu ƙwari, su nake gyarawa kullum kuma ina ganin ƙimarsu. Sai dai an ƙera su ne don rubuta wasiƙa da lissafin ofis. Ranar da mai ita ya buƙaci wani aikin da ba ta zo da kayansa ba, kamar kama Wi-Fi ko tace bidiyo mai nauyi, ba dole ba ne ya rabu da ita. Akwai katin ƙari.

Katin ƙari wani falle ne mai ɗauke da kayan lantarki, ƙasansa da haƙora masu ruwan zinare. Haƙoran ake sokawa a ramin da aka tanada jikin madabod, wato babban fallen da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, bakin katin kuma ya leƙo ta bayan akwati, inda za ka jona waya. Kowane kati aiki ɗaya yake ƙara wa kwamfuta, kuma rashin sanin haka ne ke cinye kuɗin mutane. Mutum zai zo shago ya ce, "Injiniya, na'urar nan tana jan ƙafa, sa mini katin girafik." In na tambaye shi a ina take jan ƙafar, sai ya ce wajen tashi da wajen buɗe Word. Wannan ba ciwon da kati ke warkarwa ba ne. Tsohon had-disk ne ya gaji, maganinsa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, da ƙarin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma kuɗinsu bai kai na katin ba. Saboda haka tun kafin a yi maganar saye, ka tsaya ka faɗa wa kanka takamaimai abin da kwamfutar ta kasa yi. In ka iya faɗarsa a jimla ɗaya, to ka san katin da kake nema.

Bayan wannan sai ka kwance murfin gefe ka duba abu uku da idonka: rami, wuta, da fili.

Ramin da ke jikin madabod

Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake barin irin waɗannan ramuka. Na farkon su ne ISA, dogaye baƙaƙe, waɗanda yanzu sai a tarin tsofaffin kaya. Kamfanin Intel ya fito da PCI a 1992, sannan AGP a 1997 don katin hoto kaɗai. Wanda ya shafe su duka shi ne PCI Express, ana taƙaita shi da PCIe, wanda aka fitar a 2003, kuma shi ne a cikin kusan duk kwamfutar da za ka saya yau. Har yanzu nakan ci karo da tsohon ramin PCI a wasu manyan akwatuna. Yawanci fari ne, kuma ɗan shingen da ke cikinsa yana can nesa da bayan akwati. Shingen PCIe kuwa yana kusa da bayan akwatin. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan, kada ka matsa masa da ƙarfi.

Ramukan PCIe tsawonsu ya bambanta. Akwai x1, ɗan guntu mai kusan santimita biyu da rabi, akwai x4 da x8, sai x16 mai kusan santimita tara. Lambar tana nuna yawan layukan da bayanai ke bi tsakanin kati da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar yadda titi mai hannu huɗu ke kwashe motoci fiye da mai hannu ɗaya. Ƙaramin kati yana zama daram a babban rami. In katin Wi-Fi ɗinka x1 ne kuma ramin da ya rage x16 ne, soka shi, zai yi aiki. Babban kati ne galibi ba ya shiga ƙaramin rami.

Akwai kuma zamani. A PCIe 1.0 kowane layi yana ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, a 2.0 ya koma 500, a 3.0 ya kusa gigabait ɗaya, a 4.0 kusan biyu. Duk suna jituwa da juna: sabon kati zai yi aiki a tsohon rami, sai dai zai rage gudu ya daidaita da ramin. Ga yawancin ayyukanmu ba za ka ma lura ba.

Abin da ya fi muhimmanci ka lura da shi shi ne rubutun da ke gefen ramin. Wani ramin tsawonsa na x16 ne amma layi huɗu kawai aka haɗa masa. A OptiPlex da yawa za ka ga dogayen ramuka biyu, shuɗi da baƙi. Shuɗin ne cikakke, nan katin girafik ke zama. Haska tocilan wayarka ka karanta, an rubuta da ƙananan fararen haruffa.

Wuta

Wannan ne wurin da na fi jan hankalin mutane, domin shi ne ke ƙona kaya. Ramin x16 yana iya bai wa kati har wat 75. Katin da ke cin fiye da haka yana da baki a samansa ko a gefensa, mai huda shida ko takwas, wanda ake jona wa waya kai tsaye daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta. Mai huda shida yana ƙara wat 75, mai takwas yana ƙara 150.

Yanzu duba takardar da ke manne jikin fawa-fak ɗinka. A ƙananan kwamfutocin ofis za ka ga abin da bai wuce wat 180 zuwa 255 ba, kuma babu wayar mai huda shida kwata-kwata. Wasu ma an rubuta a littafinsu cewa ramin nasu bai kai wat 75 ɗin ba. Da yawa daga cikin Dell da HP na baya-bayan nan kan wayar fawa-fak ɗinsu na daban ne, ba za ka cire shi ka sa na kasuwa kai tsaye ba. To ga irin wannan na'ura, ka tsaya ga katin da ke wadatuwa da wutar rami kawai. Cikin katunan girafik, GT 1030 yana cin wat 30, RX 6400 yana cin 53, GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna kai 75, kuma su biyun nan na ƙarshe sai ka tabbatar fawa-fak ɗin lafiyayye ne. RX 580 kuwa, wanda matasa ke so saboda arha da ma'ajiyarsa mai gigabait takwas, wat 185 yake ci shi kaɗai. Yana buƙatar babban akwati da fawa-fak na kirki mai wat 500 ko kusa da haka.

Ana sayar da wata 'yar waya da ke mayar da kan SATA, wato kan wayar da ke bai wa had-disk wuta, ya koma mai huda shida. Ba na sa wa kowa ita, kuma ina roƙon kada ka yarda a sa maka. Kan SATA ba a yi shi don ya ɗauki fiye da wat 54 ba. Na sha buɗe akwati in tarar robar ta narke ta manne, wayar ta yi baƙi, warin ƙuna ya cika ciki. In an yi sa'a abin ya tsaya a wayar, in ba a yi ba ya tafi da madabod.

Mu a nan akwai wani lissafin kuma. In da inbata ko ƙaramin janareta kake aiki, katin da ke cin wat 185 ƙarin kaya ne a kan batirinka duk lokacin da kake tace bidiyo. Ka sa wannan cikin kuɗin katin tun kafin ka saya.

Fili

Wani mai shagon buga katin biki da kalanda ya taɓa shigowa da kwali a hammata, yaronsa na biye da shi ɗauke da ƙaramar OptiPlex. Ya aika Legas an sayo masa kati mai fanka biyu, kyakkyawa, kuma lafiyarsa ƙalau. Na kwance murfin na ɗora katin a kan akwatin ba tare da na soka ba. Ƙarfen bayansa ya zarce tsayin akwatin da kusan yatsu biyu, jikinsa kuma ya hau kan fawa-fak.

Na ce, "Alhaji, wannan ba zai shiga ba. Ko ya shiga, babu wutar da za ta riƙe shi."

Ya ce, "To a yanke ƙarfen mana, Malam."

Na nuna masa cewa ba ƙarfen kaɗai ba ne, faɗin katin kansa ya fi akwatin. Da na tambaye shi aikin da yake yi, sai ya ce CorelDRAW, wanda galibin nauyinsa a kan furosesa da ram yake. Muka ƙara ram, muka sa SSD, ya sayar da katin ga wani mai shagon gem.

Ƙarfen bayan kati iri biyu ne: dogo mai kusan santimita 12 na babban akwati, da gajere mai kusan santimita 8 na ƙaramin akwati. Katunan da aka yi wa ƙaramin akwati sukan zo da ƙarfe biyu a kwali, ka kwance noti ka musanya. In na hannu za ka saya, tambayi gajeren ƙarfen, domin sau da yawa ya ɓace. Ka kuma duba kaurin katin. Wani yana cin wurin rami biyu, alhali a wasu ƙananan akwatuna ramin shuɗin yana manne da fawa-fak, siririn kati kawai ke samun wuri. Ɗauki ruler ɗin ɗan makaranta ka auna daga bayan akwati zuwa abin da zai fara tare katin, ka rubuta.

Masu laftof da 'yan mitsitsin kwamfutocin nan da ake maƙalewa bayan monita, ba ku da waɗannan ramuka. Abin da ake iya canzawa a cikinsu galibi bai wuce ɗan katin Wi-Fi da SSD da ram ba. Girafik ɗin laftof a like yake da madabod.

Katunan da ayyukansu

Katin girafik shi ne babba, shi ya fi tsada kuma a kansa aka fi cutar mutane. Aikinsa zana duk abin da ke fitowa a monita. Yawancin furosesan Intel na ofis suna da nasu ɗan girafik a ciki, wanda ya isa rubutu, intanet, kallon bidiyo da ƙananan zane. Masu buƙatar kati na daban su ne masu Premiere Pro da DaVinci Resolve, ɗaliban zanen gini na Kaduna Polytechnic da KASU da ke aiki da Revit ko Lumion, masu shagon gem, da wanda ke son jona monita uku ko fiye.

Kada yawan gigabait ya ruɗe ka. GT 730 mai gigabait huɗu bai kama ƙafar GT 1030 mai gigabait biyu ba, domin ƙarfin kati yana ga ƙwaƙwalwarsa da saurin ma'ajiyarsa. Shi kansa GT 1030 iri biyu ne, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai ma'ajiyar DDR4, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, amma mai DDR4 ya yi ƙasa sosai. Nemi mai GDDR5. Ga masu bidiyo kuma akwai wani abin da ba a cika faɗa musu ba. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da wani sashe da ake kira NVENC wanda ke ɗaukar nauyin fitar da bidiyo, ya sauƙaƙa wa furosesa. GT 1030 ba shi da shi, RX 6400 ma ba shi da makamancinsa. In fitar da bidiyon biki ne ke cin maka dare, waɗannan biyun ba za su rage maka komai ba a wannan fannin.

Katin netwok mai waya shi na fi sakawa da damina. Ana tafka ruwa da tsawa cikin dare, da safe kwamfuta ta tashi lafiya amma ta daina ganin netwok. In ka duba bakin da wayar ke shiga, 'yan fitilun nan kore da ruwan lemo sun mutu, wani lokaci har da ɗan tabon ƙuna a jikin madabod kusa da wurin. Tsawar ta biyo doguwar wayar da aka ja ta waje daga wani gini zuwa wani. Ba sai an canza madabod ba. Katin gigabit na x1, mai guntun Realtek ko Intel, ya wadatar, kuma yana cikin mafi arha. Masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da ke haɗa na'urori da yawa da waya, ku ajiye guda biyu ko uku a durowa. Akwai kuma masu baki biyu ko huɗu na saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, irin Intel i350.

Katin Wi-Fi ya zama dole ga mai kwamfutar tebur da ke dogara da hotspot na waya ko MiFi. Ya fi ɗan abin da ake sokawa a USB kama sigina, saboda eriyarsa biyu suna waje kuma ba ya zafi ya yanke. Waɗanda aka gina kan Intel AX200 suna da Wi-Fi 6 da Bluetooth. Ga inda ake tuntuɓe: a cikin kwalin akwai wata siririyar waya da ke tashi daga katin zuwa fil tara na USB da ke jikin madabod. In ba ka jona ta ba, Wi-Fi zai yi aiki amma Bluetooth ba zai taɓa bayyana ba. Wasu kwamfutocin ofis ba su da wurin jona ta da ya rage, duba kafin ka saya. Kuma ka ɗaura eriyoyin, kada ka bar akwatin ya manne da bango.

Katin USB yana ƙara baki, ko ya kawo USB 3.0 ga tsohuwar na'urar da ke da 2.0 kawai. Bambancin ba kaɗan ba ne, megabit 480 ne a daƙiƙa a tsohon, gigabit 5 a sabon. Mai ɗaukar hoto da ke kwashe aikin yini guda daga memori zai ji shi a jikinsa. Wasu katunan suna neman a jona musu wayar wuta ta SATA, in ba haka ba had-disk na waje zai riƙa yankewa.

Akwai kati mai ɗaukar SSD irin na NVMe, wanda ke zama a ramin x4 ko fiye. SSD na SATA yana tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe a ramin 3.0 mai layi huɗu yana haura 3000. Sai dai tsofaffin madabod da yawa ba sa iya tayar da Windows daga kansa. A irin wannan hali ka bar Windows a SATA, ka ajiye fayilolin aiki a NVMe.

Katin sauti ya yi zamaninsa tun fitowar Sound Blaster a 1989, amma yau kowane madabod yana da sautinsa. Sai in na jikin ya lalace ko yana ƙugi. Masu situdiyo ma yanzu na waje suke saye, mai shiga ta USB, domin yana nesa da hayaniyar lantarkin cikin akwati.

Katin ɗaukar bidiyo shi ne ke karɓar hoto daga kyamara ta HDMI ko SDI ya miƙa wa manhajar watsa bidiyo irin OBS. Duk gabatowar azumi sai an zo nemansa, saboda masallatai da yawa yanzu suna watsa tafsiri kai tsaye ta Facebook da YouTube. Blackmagic, Elgato da AVerMedia su ne sanannu. Ka duba irin bakin da kyamararka ke da shi, kuma ka lura da yawan layin da katin ke nema, wasu x1 ne wasu x4. In tazarar kyamara da kwamfuta tana da nisa, SDI ya fi HDMI jure doguwar waya.

Sai wani ɗan kati da ba a cika tunawa da shi ba, mai tsohon bakin siriyal ko faralel. Injin yankan sitika da wasu tsofaffin firintoci da injinan ɗinkin ado har yanzu da shi suke magana da kwamfuta. Wayar da ke mayar da USB zuwa siriyal takan yi gardama a tsakiyar aiki, katin ya fi ta tsayuwa.

Wajen saye

Ka je da hoto uku a wayarka: na ramukan, na takardar fawa-fak, da na bayan monita. Na ukun yana da dalili. Monitocinmu da yawa bakin VGA kawai gare su, shuɗin nan mai noti biyu, alhali sababbin katuna HDMI da DisplayPort da DVI-D suke da su. Za ka buƙaci adaftan HDMI zuwa VGA mai ɗan guntun lantarki a ciki. Ɗan kan da ke mayar da DVI zuwa VGA ba ya aiki a bakin DVI-D.

In katin girafik na hannu ne, kada ka biya sai an soka shi a kwamfuta a gabanka. Ka sa a buɗe GPU-Z, manhaja ce ta kyauta. Akwai jabun katuna da ake ɗaukar tsohon GTS 450 a canza masa suna ya riƙa nuna GTX 1050 Ti. Windows za ta yarda da sunan, amma GPU-Z yakan rubuta cewa jabu ne, kuma lambobi ba sa ɓuya: na gaskiyar yana da shada, wato ƙananan sassan lissafi na ƙwaƙwalwar katin, guda 768, tsohon yana da 192. In ka ga bakin VGA a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne, tsaya ka bincika da kyau. Haka RX 580 na asali yana da 2304, akwai kuma wani mai 2048 da ƙarfinsa bai wuce na RX 570 ba, bai kamata ka biya kuɗin na farkon a kansa ba.

Tun da Ethereum, wani kuɗin intanet da ake haƙowa da katunan girafik, ta daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne matattu ba, na sa wa mutane da yawa suna aiki har yau. Amma ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana karkarwa, ka duba bayan katin ko ya dafe ya yi launin ƙasa, ka bar shi ya yi aiki mai nauyi na minti goma sha biyar kana kallon zafinsa. Ku yi magana da mai kaya a kan kwanakin gwaji, a rubuta a rasit.

Yadda ake sakawa

Kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga soket gaba ɗaya, sannan ka danne makunnin na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Kwantar da akwatin a kan tebur, ba a kan kafet ko katifa ba. Kafin ka taɓa komai, dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Da hunturu wannan ba abin wasa ba ne. Ɗan tartsatsin nan da ke cizonka in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe guntun lantarki, kuma ba za ka ga alamar komai ba. Ka riƙa maimaita dafawar, ka kuma riƙe katin ta gefuna, ban da haƙoran.

Tunda ka riga ka buɗe, fitar da akwatin waje ka hure ƙurar da bulowa, kana tare fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Ka hure cikin ramin ma, domin ramin da ya shekara a buɗe a garin nan ya sha ƙura.

Cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar da ke daidai da ramin. A kwamfutocin ofis yawanci wani maƙalli ne kake ɗagawa, babu noti. Daidaita haƙoran katin da ramin, tsagar katin ta hau kan shingen, ka danna da yatsu biyu a kai da ƙarshe lokaci ɗaya. A ramin x16 za ka ji ɗan maƙallin ƙarshe ya ce ƙas. Duba ta gefe: ruwan zinaren ya shige daidai daga farko har ƙarshe, ba gefe ɗaya a ɗage ba. Ɗaure noti ko ka mayar da maƙallin, ka jona wayar wuta in katin yana da bakinta, ka kauda duk wayar da za ta iya taɓa fanka.

In katin girafik ne, cire wayar monita daga inda take ka mayar da ita jikin katin. Wannan ƙaramin abu shi ne ya fi dawo mini da mutane shago, suna cewa allon ya yi baƙi ko babu abin da ya canza.

Kunna, ka sa direban katin, wato manhajar da ke sa Windows ta san yadda za ta yi aiki da shi. Ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya yi katin, Nvidia ko AMD ko Intel, ba daga shafukan da ke cika ka da talla ba. Na girafik yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, ka tanadi data. Na katin netwok ko Wi-Fi kuwa ka sauke shi a filasha tun kafin ka fara, tunda wataƙila ba za ka sami intanet a na'urar ba sai ya hau. In daga katin AMD kake komawa Nvidia ko akasin haka, fara goge tsohon direban da manhajar DDU. A ƙarshe buɗe Device Manager ka tabbatar sunan katin ya fito ba tare da alamar ruwan ɗorawa a gefensa ba.

In ya ƙi

Fanka na juyi amma babu hoto: kashe, zare wuta, ciro katin. Ka tuna danna maƙallin ƙarshen ramin kafin ka ja, in ba haka ba za ka tsinke ramin daga jikin madabod. Goge haƙoran a hankali da farar robar goge fensir, ka hure, ka mayar. Wannan kaɗai yana tayar da katuna da yawa. In bai yi ba, mayar da monita jikin madabod ka shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta hau, ka duba ko tana kan tsohon tsari ne, domin wasu sababbin katuna sai da sabon tsarin, wato UEFI, suke nuna hoto. Wani lokaci sai an sabunta BIOS ɗin, kuma wannan kada ka fara shi sai kana kan UPS ko inbata, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod ɗin na iya tafiya.

In kwamfutar tana aiki lafiya amma ta mutu ɗif da zarar ka fara gem ko fitar da bidiyo, fawa-fak ne ya gaza, kada ka ci gaba da gwadawa. In kana ganin zane-zane ko ɗigo-ɗigo masu launi tun daga tambarin farko kafin Windows ta hau, ma'ajiyar katin ce ta fara lalacewa, mayar wa mai shi cikin kwanakin gwaji. In kuma sai an jima ana aiki yake fara sanɗa, duba zafinsa a GPU-Z. A watannin Maris da Afrilu, cikin shagon da babu iska, kati yana haura digiri 85 cikin sauƙi. Wanke ƙurar fankarsa, a canza masa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya, ka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa ka ba shi tazara da bango.

Ɗan ƙarfen da ka cire daga tagar baya, manna shi da salatif a cikin murfin akwatin. Duk ranar da ka cire katin sai ka mayar da shi wurinsa, domin tagar da aka bari a buɗe ta nan ƙura da kyankyaso ke shiga, har da ƙananan ɓeraye masu cin waya.